Giwan Ruwan Gurbin Marke

Lukman ya iso Tungar Namadi ana jajibirin ƙaramar Sallah ta shekarar 2017, da wata doguwar baƙar jaka ɗaure a saman motarsa. Tungar ƙauyen masunta ce a bakin Gulbin Zamfara, cikin ƙasar Gummi, kuma mahaifinsa Dodo shi ne Sarkin Ruwanta. Mutanen da suka tarye shi a ƙofar gida suka riƙa kallon jakar a kaikaice, don a shekarun nan doguwar jaka ba abin wasa ba ce. Sai da ya zuge ta hankalinsu ya kwanta. Sandar fatsa ce irin ta Turawa, mai gaɓa-gaɓa, da ɗan injin naɗe zare a gindinta.

Lukman shi ne ɗan gidan da ya guje wa ƙarnin kifi. Tun yana ƙarami ya kama boko, yayansa Abdullahi ya kama jirgi da kalli, wato ragar kamun kifi. Yanzu a Legas yake aiki, a wani kamfanin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Maigidansa mutum ne mai son teku. Ran Lahadi yakan ɗauke shi a jirgi mai inji su shiga ruwan gishiri, su yi nisa har gine-gine su ɓace, su jefa ƙugiya don nishaɗi kawai. A can Lukman ya gano cewa hannunsa ya san ruwa fiye da yadda yake zato. Ƙungiyar su maigidan tana da ƙa'idarta: a auna kifi, a ɗauki hoto da shi, in ƙarami ne ko uwa mai ƙwai a mayar da shi ruwa.

Bayan an sauko daga Idi, ya zauna kusa da mahaifinsa a zaure yana nuna masa hotunan a waya. Dodo ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido.

"Wanga duk kai ka kama shi?"

"Ni ne, Baba. Ya kusa kai ni tsawo."

"Wa ya ci shi?"

"Ba wanda ya ci. Mayar da shi muka yi."

Dodo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ɗauki sandar ya lanƙwasa bakinta da yatsa, ya murza injin ya saurari ƙararsa, ya ce abin ya yi kyau. Sannan ya miƙa masa ita.

"Gulbi na nan, ka tahi duk inda kake so. Amma ban da Marke."

"Baba, ai ni ba kamu nake yi ba. Saki nake yi."

"Ban da Marke," in ji Dodo, ya kama wani zancen.

Gurbin Marke wani wuri ne mai zurfi inda gulbin ya yi kwana, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar marke da ta karkata bisa ruwa. Ko rani ya yi tsanani ba ya ƙafewa. Shekarun baya kifi ya ƙare a yankin. Mutane sun mayar da gidan sauro abin kamu, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, wasu kuma suna zuba maganin ƙwari a ruwa su tsinci abin da ya taso. Giwan ruwa, wanda a da shi ne alfaharin tungar, sai da yara suka tashi ba su san kamanninsa ba. Shi ya sa masuntan tungayen da ke kusa suka zauna da wani jami'in kamun kifi na ƙaramar hukuma, suka yi doka. An hana raga mai ƙaramin ido, an hana guba, an kuma ɗaure Gurbin Marke: ba taru, ba ƙugiya, sai ranar su, wato kamun kifin gayya, sau ɗaya a shekara, cikin rani. Wanda ya karya a ƙone kayan kamunsa, kuma gidansa duka ba mai shiga ruwa ranar su.

Mutumin farko da dokar ta hau kansa shi ne Makau, aminin Dodo tun suna yara. An kama shi da gidan sauro a bakin gurbin lokacin da hatsinsa ya ƙare. Dodo da hannunsa ya ƙyasta ashana. Lukman ya ji labarin a waya, har ya ce wa Innarsa Baba ya yi daidai, ba a gyara sai da haka.

Washegarin Sallah abokinsa Usama ya zo daga Gummi. Tare suka yi sakandare, yanzu yana da shagon sayar da wayoyi a bakin kasuwa. Suka tafi gulbi da sandar. Damina ta fara, ruwan ya yi ja yana gudu. Suka wuni, abin da Lukman ya samu bai wuce ƙurungu ƙanana ba. Suka koma kashegari, haka. Masu wucewa da jirage suna gaishe shi da ladabi, amma yana ganin yadda suke kallon sandar sannan su kalli bokitin.

"Anya hotunan nan ba haɗi ba ne?" in ji Usama. "Ni ma ina haɗa irinsu a shago."

Lukman ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kifin duk suna Marke," in ji Usama. "An ce in ka tsaya da hantsi kana ganin bayansu kamar gungume. Kai da ba ci za ka yi ba, mi za ka rage musu?"

Lukman ya riga ya yi wa kansa wannan lissafin tun kafin Usama ya faɗa. Dokar don masu gidan sauro aka yi ta, da masu guba. Shi ya fi kowa a tungar sanin yadda ake tattalin kifi. Zai jefa, ya kama ɗaya, ya sake shi lafiya lau, ruwa bai san an yi ba.

Suka je bayan azahar, lokacin da mutane ke gona. Wurin shiru, sai kukan kurciya a cikin marken. Lukman ya soka ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya ya wurga tsakiyar gurbin. Bai daɗe ba sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye, injin ya hau kuka, zare na fita. Ya kafa ƙafa a laka. Kifin ya yi ƙasa, ya yi gabas, ya dawo ya taso sama gaba ɗaya ya girgiza kai, cikinsa fari fat yana ƙyalli, ya faɗa da ƙarar da ta kori tsuntsayen bishiyar. Lukman bai taɓa jin irin wannan daɗin ba, ko a teku. Yana ja yana saki, gumi na shiga masa ido, har kifin ya gaji ya biyo zare zuwa gaɓa.

Giwan ruwa ce, uwa, cikinta ya yi tim. Ya rungumo ta da hannu biyu, da ƙyar ya ɗaga ta zuwa ƙirjinsa. Usama ya ɗauki hoto.

Sai da ya durƙusa zai cire ƙugiyar ya ga ba ta a leɓe. Ta haɗiye ta har can ciki, jini na tsiyaya ta kumatunta. Ya yanke zaren, ya shiga ruwa da ita har kwankwaso, ya tallafe ta yana kai ta gaba yana dawo da ita, yadda aka koya masa. Ta motsa wutsiya. Ya sassauta hannu, ta tafi kaɗan, sannan ta juya cikinta sama. Ya kamo ta ya sake. Ya yi ta yi har hannayensa suka mutu. Da ya jawo ta gaɓa a ƙarshe, nauyin jikinta ya matso ƙwai, ya malale a kan laka, rawaya-rawaya, ya manne masa a wando.

"Mu sa ta a but ɗin mota mu tafi da ita Gummi," in ji Usama.

"Hanya ta ƙofar gidanmu ta bi. Kuma akwai mutane a mashiga."

Lukman ya ja ta cikin dogayen ciyawar bakin ruwa, ya tura ta can ciki, ya lanƙwaso ciyawa ya rufe. Ya wanke wandonsa. A hanya ya ce wa Usama ya goge hoton, Usama ya ce to. Bai faɗa masa cewa ya riga ya tura shi zauren hirar waya na tsofaffin ɗaliban makarantarsu ba, tun Lukman na cikin ruwa yana fama.

A hoton, bayan kafaɗar Lukman, ga marken nan a karkace. Duk wanda aka haifa a yankin ya san ta.

Da la'asar ɗin kashegari Innarsa Hamsatu ta same shi a ɗaki yana haɗa kaya. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Babanka na kiran ka. Suna rumfa."

"Lafiya, Inna?"

Ta dube shi kawai, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta koma madafa.

Rumfar masunta a cike take. Dattawa a kan tabarmi, matasa a tsaye daga baya. Abdullahi na jingine da ginshiƙi, idonsa a ƙasa. Makau na zaune a gefe yana gyaran wata tsohuwar homa, ragar kamun kifi ta hannu. A gaban Dodo an ajiye waya a kan tabarma. Lukman ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida su, suka amsa da murya ƙasa-ƙasa.

Kafin Dodo ya yi magana, wani dattijo mai suna Gidaɗo ya gyara murya.

"Sarkin Ruwa, ni ga nawa gani, yaron ga baƙo ne. Ba shi nan anka yi doka. Kuma da munka zamna, taru munka yi magana, da guba. Wanga sanda ta wasa ce, ba ta cikin abin da munka nuhwa."

Wasu suka ce haka ne. Lukman ya ji wata iska ta shige shi. Ya ɗaga kai kaɗan, idonsa ya faɗa kan Makau, wanda ko ɗagowa bai yi ba, yana ta ƙulla zarensa. Sai ya gane dattawan ƙofa suke buɗe wa mahaifinsa, kuma kowa a rumfar yana jira ya ga ko zai bi ta.

"Lukman," in ji Dodo, "ka san an ɗaure Marke?"

"Na sani, Baba."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Kai."

"Ina kifin?"

Lukman ya fi son a tambaye shi komai ban da wannan.

"Na yi niyyar sakin ta. Sai ta mutu."

"Na ji. Ina take?"

"Na bar ta cikin ciyawa."

Wani daga baya ya ja tsaki a hankali. Dodo ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Ko ci ba a yi ba," ya ce.

Bai ɗaga murya ba. Ya juya ga mutane ya ce doka ƙugiya ta ambata, ba ta ce ta wasa ko ta gaske ba, kuma gida ta ce, ba ta ce ban da gidan Sarkin Ruwa ba. Bana shi da 'ya'yansa ba mai taka ruwa ranar su. Gidaɗo ya ce to wa zai buɗe ruwa, tunda tun kakanni gidan ne ke fara shiga. Dodo ya ce in lokaci ya yi za a samu.

Aka aiki Lukman da kansa ya ɗauko sandar. Ya ratsa tungar da ita a hannu, mata na leƙowa ta saman dangaye. Aka tara kara a gaban rumfa. Dodo ya miƙa masa ashana. Sandar ba ta ci wuta irin ta itace ba, sai ta riƙa narkewa tana murɗewa, tana fid da baƙin hayaƙi mai wari, mutane suna toshe hanci suna matsawa. Dole ya tsaya yana tura ta da tsinke har ta ƙare.

Abin da ya fi ƙona shi bai zo ba sai bayan an watse. Ya bi yayansa bakin gulbi, inda yake kwarfe ruwa daga jirgi. Abdullahi ba shi da wata sana'a sai ruwa. Tun bara yake ɗinka sababbin homa don su, da niyyar abin da ya samu ya rufe ɗakin matarsa da ke yoyo.

"Yaya, ka yi haƙuri. Zan aiko a yi rufin."

Abdullahi ya ci gaba da kwarfa.

"Ba rufi ba ne. Mu da munka ƙone wa Baba Makau kayanshi, yana kuka, muna cewa don gobe ne. Shekara da shekaru muna wuce Marke muna kau da kai, yara na cin tuwo da miya lami. Kai jibi kana Legas. Mu muna nan, da mu za a riƙa nuni."

Lukman ya tsaya har Abdullahi ya tura jirginsa ya tafi.

Ya koma Legas. Ran Lahadi maigidansa ya kira shi zuwa teku, Lukman ya ce ba ya jin daɗi. Wata Lahadin ya ce yana da baƙi. Daga baya aka daina kiransa. Ya fita daga zauren tsofaffin ɗalibai, amma hoton ya riga ya yi yawo, har wani abokin aikinsa ɗan Bukkuyum ya nuna masa yana yaba girman kifin. In ya kira gida, Dodo yakan amsa gaisuwa, ya tambayi aiki, ya miƙa wa Hamsatu wayar. Kuɗin rufin da ya aika, Abdullahi ya karɓa ya yi godiya ta bakin Inna.

Da rani ya yi aka sa ranar su, Hamsatu ta ce masa ba sai ya zo ba, hanya ba kyau, kuma ba abin da zai yi. Ya gane tana so ta rage masa ne. Ya kwana biyu yana juya maganar, yana ganin mahaifinsa da yayansa zaune a gaɓa saboda shi, shi kuma yana ofis cikin sanyi. Ya nemi hutu ya kamo hanya.

Ranar su, gari na wayewa gaɓar Marke ta cika. Mutane sun zo daga tungaye, daga Gummi, har daga wajen Anka. Masunta sun jeru a bakin ruwa da homa da manyan goruna, makaɗa na zuga su. An shimfiɗa wa Dodo tabarma a gindin marken. Ya zauna cikin babbar riga, shi da bai taɓa zuwa su da riga a jiki ba. Abdullahi na damansa. Lukman ya zauna a hagu, ya ji kamar duk idon da ke wurin a ƙeyarsa yake.

Da lokaci ya yi, Dodo ya sa aka kira Makau, ya ce shi zai buɗe ruwa. Makau ya yi bisimilla ya shiga, jama'a suka rufa masa baya. Ruwan ya hautsine. Ba a daɗe ba aka fara fitowa da kifi: tarwaɗa, bargi, ragon ruwa, sai kuma giwan ruwa, wani na bin wani, irin waɗanda sai mutum biyu sun kama. Mata na guɗa. Tsofaffi na cewa rabon da su ga haka tun suna samari. Dokar ta yi aiki, kowa na gani, kuma mutumin da ya tsaya mata yana zaune a busasshiyar ƙasa. Lukman ya lura da hannun mahaifinsa, duk sa'ad da aka ɗago babban kifi sai yatsunsa su dunƙule a kan gwiwa. Abdullahi kuwa ya miƙe ya zauna ba adadi.

Wani matashi ya wuce da kifi a kafaɗa, ya ce, "Ɗan Legas, yau ba hoto?" Abokansa suka yi dariya. Lukman ya sunkuyar da kai.

Da rana ta take, Makau ya fito yana ɗigar ruwa, ya zube kamunsa, ya zo ya gaida Dodo. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da Lukman yana mayar da numfashi.

"Bara nan na zamna," ya ce. "Daidai inda kake. Da sahe ya hi wuya."

"Baba Makau, ni ban san da wane ido zan kalle ka ba."

"Da wanda kake da shi. Motarka na kusa? Bayana ba shi ɗaukar kayan ga."

Lukman ya tashi da sauri. Ya kwashi kifin Makau ya loda a but, da na wasu tsofaffi biyu da suka ga dama ta samu. Ya yi ta sawu tsakanin gulbi da tunga har la'asar, rigarsa ta yi kaca-kaca da majina da ɓawon kifi. A sawu na ƙarshe Makau ya zaɓi giwan ruwa matsakaici ya ce a kai wa Hamsatu. Lukman ya ce yana tsoron Baba ba zai yarda ba.

"Shiga ruwa anka hana ku," in ji Makau. "Ba a hana ku ci ba. In ya yi gardama ka ce shi zo shi same ni."

Dodo bai yi gardama ba. Kafin magariba Hamsatu ta yi farfesu, aka kawo wa maza a zaure cikin babban kwano. Dodo ya ci kaɗan ya tashi alwala. Lukman ya zauna da hannu a wanke, ya kasa kai shi cikin kwanon. Abdullahi ya ci gaba da ci, yana zare ƙaya yana ajiyewa a gefe. Can ya tura kwanon gaban ƙanensa.

"Ci, kada shi huce."

Lukman ya gutsuri kaɗan.

"Yaushe za ka koma?"

"Ina da sauran kwanaki."

"To gobe akwai gyaran kalli. Duk ya yayyage, ni ɗaya ba ni gama shi."

Da safe suka baza kallin a inuwar bayan gida. Lukman ya manta ƙullin, ya yi ta ɓatawa, Abdullahi yana kwancewa yana sake nuna masa. Suna nan har aka kira azahar, ba su kai rabi ba.